Uban baftisma: tarihin mutumin da ke tsaya wa ɗan wani

Duk wanda ya zauna Yamai, Maraɗi, Tawa ko Damagaram ya saba jin kalmomin nan biyu na Faransanci, parrain da marraine. Ɗalibai in sun gama karatu sai su fita neman parrain na ajinsu. Ƙungiyar mata in za ta yi taro sai ta naɗa marraine. Ko katin gayyatar suna, a gidan Musulmi ma, baptême ake rubutawa a kansa. A mafi yawan lokuta abin da ake nufi shi ne babban mutum da zai zauna kujerar gaba, a ɗauke shi hoto, ya miƙa ambulan, ya shiga mota ya tafi.

Kalmar kuwa daga Ikilisiyar Kirista ta fito, kuma muƙamin da take nufi ya kai shekara 1800 a duniya. Kiristoci masu jin Hausa suna cewa uban baftisma da uwar baftisma, wato namiji ko mace da ke tsaya wa mutum ranar da za a yi masa wankan shiga addinin. Tarihin wannan muƙami ya cancanci iyaye da malaman makaranta su san shi, ko wane addini suke bi, domin tambayar da ke cikinsa ta shafi kowane gida: ban da uwa da uba, wa ke da alhakin yaro, kuma me ake binsa?

Asalinsa shaida ne da lamuni

A ƙarni na 2 da na 3 bayan haihuwar Annabi Isa, Kiristoci ƴan tsiraru ne a daular Rum, kuma hukuma takan far musu lokaci zuwa lokaci. Yawancin masu shiga addinin manya ne. Jama'ar da ke cikin irin wannan hali ba za ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya ƙwanƙwasa ba, don mai yiwuwa ɗan leƙen asiri ne, ko wanda zai gudu ranar da aka matsa. Saboda haka sai wani sananne a cikinsu ya kawo baƙon, ya ba da shaida a kansa.

Wani tsohon littafin dokokin ibada da ake dangantawa da Hippolyte na birnin Rum ya bayyana yadda abin yake. Ana tambayar sabon shiga sana'arsa da zamansa na aure. Mai sassaƙa gumaka da mai faɗan kisa a dandalin wasa sai sun bar sana'ar kafin a karɓe su. Daga nan mutum ya shiga koyon addini, har tsawon shekara uku. In lokacin baftisma ya zo, a sake kiran wanda ya kawo shi a tambaye shi: ya kyautata wa gwauraye? Yana gaida marasa lafiya? Wato mai tsayawar dole ya san mutumin ciki da waje, ya bi sawunsa shekara da shekaru.

Wanda ya fara ambaton masu tsaya wa yara a rubuce ɗan Afirka ne, Tertullien na birnin Kartaj, a Tunisiya ta yau, wajen shekara ta 200. Kalmar da ya yi amfani da ita, sponsor, ta kotu ce: a dokar Rumawa tana nufin mai lamuni, wanda in mai bashi ya kasa biya shi za a kama. Tertullien ya ba da shawarar a jinkirta baftismar ƙananan yara, kuma ɗaya daga cikin dalilansa tausayin masu tsayawar ne. Mutuwa tana iya ɗauke su kafin su cika alkawari, yaron kuma yana iya tashi da mugun hali ya kunyata su. Tun daga farko ke nan an ɗauki abin a matsayin kaya mai nauyi, irin wanda mai hankali ke tunani kafin ya ce a aza masa.

Da aka koma yi wa jarirai

Sarki Constantin ya ba Kiristoci ƴancin addini a 313, a 380 kuma Kiristanci ya zama addinin daula. Sannu a hankali baftismar jarirai ta rinjayi ta manya. Jariri ba ya magana, sai wani ya amsa tambayoyin limami a madadinsa. Da fari iyaye ne ke yin haka. Augustin, bishop ɗin Hippone, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya rubuta wa wani bishop wasiƙa wajen 408 inda ya nuna cewa iyaye ne suka saba kawo ƴaƴansu, amma akwai marayun da masu tausayi ke kawowa, da ƴaƴan bayi da iyayen gijinsu ke kawowa, da jariran da aka yar a hanya, mata masu ibada suka tsinta.

A ƙarni na 6 al'ada ta juya, aka fi son wani daga wajen gida ya karɓi jaririn daga ruwa. Césaire, bishop ɗin Arles a kudancin Faransa, wanda ya rasu a 542, yakan tunatar da jama'a cikin wa'azinsa cewa duk wanda ya karɓi yaro daga ruwan baftisma ya zama mai lamuninsa a gaban Allah, dole ya koya masa addu'a, ya tsawata masa kamar ɗan cikinsa. A 813 taron bishop-bishop a Mayence ta ƙasar Jamus ya hana iyaye tsaya wa ƴaƴansu kwata-kwata. Daga nan yaro ya zama yana da iyaye iri biyu, na jini da na ruhu.

Akwai wani labari da zai yi wa malaman lakwal daɗi. A farkon ƙarni na 9, sarki Charlemagne ya halarci wani bikin baftisma, ya tarar da mutane da yawa sun zo tsaya wa jarirai. Ya sa aka yi musu jarrabawa ɗaya bayan ɗaya: su karanto Addu'ar Ubangiji da kalmomin shaidar bangaskiya da ka. Da yawa suka kasa. Sarki ya ce su ja da baya sai sun koya, ya kuma rubuta wa bishop ɗin Liège yana umurtarsa ya sa ido kan limamansa. Hujjarsa a fili take: wanda bai san karatu ba, me zai koya wa yaron da ya yi alkawarin koyarwa?

Zumuncin da ya kai ga hana aure

Da muƙamin ya kafu, sai aka fara ɗaukarsa a matsayin dangantaka ta gaske. A 530 sarki Justinien na Rum ta Gabas ya kafa dokar da ta hana mutum auren yarinyar da ya tsaya wa. A 692 wani taron bishop-bishop a birnin Kustantiniya, Santambul ta yau, ya ƙara da cewa ba zai auri uwar yaron ba ko da mijinta ya mutu, domin a ganinsu zumuncin ruhu ya fi na jiki girma. Bayan haka haramcin ya yi ta faɗi a Turai, har ya kai ga ƴaƴan uban baftisma da yaron da aka tsaya wa, aka ɗauke su wa da ƙanwa.

Mai karatu Musulmi zai tuna da hukuncin shayarwa, inda nono ke haramta aure tsakanin mutanen da ba jini ɗaya ba, kamar yadda ya zo a aya ta 23 ta Suratun Nisa'i. Tushen hukunce-hukuncen biyu daban ne, amma dukansu sun yarda cewa ana iya ƙulla zumunci na haƙiƙa ba ta hanyar haihuwa ba.

Abin da talakawan Turai suka fi riƙewa shi ne zumuncin da ke ƙulluwa tsakanin manya. Uban yaro da uban baftisma suna kiran juna compère, matan kuma commère. Tsakaninsu akwai rance, taimakon noma, shaida a kotu, da kunyar cin amana. Harshe ma ya ajiye alamar wannan kusanci. Daga commère Faransanci ya samu commérage, wato tsegumi. Kalmar gossip ta Ingilishi ita ma asalinta ɗan'uwa ta hanyar baftisma take nufi, sannan ta koma nufin ƙawayen da ke taruwa ɗakin mai jego, daga ƙarshe ta tsaya kan hirar da suke yi. Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar ɗakin ƴan barka ya san yadda aka yi ma'anar ta sauya.

Da sarakuna suka gano amfaninsa

Abin da ke ɗaure mutum biyu da igiyar da ake kunyar tsinkewa ba zai kuɓuce wa masu mulki ba. A 785 Widukind, jagoran Saksawa da ya daɗe yana yaƙar Charlemagne, ya miƙa wuya aka yi masa baftisma a Attigny, Charlemagne da kansa ya tsaya masa. A 878 sarki Alfred na Ingila ya ci Guthrum, sarkin yaƙin mutanen Danmak, a Edington. Sharaɗin sulhu shi ne Guthrum ya karɓi baftisma. Ya zo da manyan mutanensa talatin, Alfred ya zama ubansa, aka raɗa masa sabon suna, aka sallame shi da kyaututtuka. Wanda aka ci da yaƙi ya zama ɗa, ɗa kuwa ana sa ran ya yi biyayya.

Da Turawa suka fara zuwa gaɓar Afirka sun zo da wannan dabara. A 1488 Bumi Jelen, yariman daular Jolof ta Senegal wanda rikicin sarauta ya kora, ya je Fotugal neman taimako. Aka yi masa baftisma, sarki João na biyu ya tsaya masa, aka sa masa sunan sarkin, aka haɗa shi da jiragen ruwa ashirin don ya koma ya karɓi mulki, su kuma Fotugis su gina ganuwa a bakin kogin Senegal. Da suka iso, kwamandan jiragen ya zarge shi da cin amana ya kashe shi, jirage suka juya gida. Zama ɗan baftismar sarki bai tsare masa rai ba.

Njinga ta Angola ta fi shi wayo. A 1622 ta je Luanda tattaunawa a madadin ɗan'uwanta sarkin Ndongo, ta karɓi baftisma, gwamnan Fotugis João Correia de Sousa ya tsaya mata, ta ɗauki sunan Ana de Sousa. Da ta hau mulki kuma ta shafe shekaru masu yawa tana yaƙar Fotugis ɗin. Kowane ɓangare ya san abin da ya je nema a bakin ruwan baftisma, kuma tarbiyya ba ta cikin lissafin.

Gyaran 1563 da abin da ya haifar

Kafin ƙarni na 16, a sassa da yawa na Turai yaro ɗaya yakan samu iyayen baftisma rututu. Kowa yana son ya ƙulla da maƙwabci, da mai gona, da mai kuɗin gari, duk a rana ɗaya. Jeanne d'Arc ta Faransa, wadda aka ƙona a 1431, tana da su da yawa, maza da mata. A 1456, da aka sake buɗe shari'arta don wanke sunanta, masu bincike sun je ƙauyensu Domrémy, kuma cikin waɗanda suka ba da shaida kan tashinta da halinta akwai iyayen baftismarta da suka rage da rai. Shekara ashirin da biyar bayan mutuwarta, tsoffin manoma suka yi mata aikin farko na wannan muƙami, wato shaida.

Sai dai yawan ya kawo matsala. A ƙaramin ƙauye kusan kowa ya zama ɗan'uwan kowa ta ruhu, mutane suna aure ba su san akwai haramci ba, daga baya a ce auren bai ɗauru ba. Martin Luther ya yi watsi da haramcin auren, ya ce ƙirƙirar mutane ce, amma ya bar iyayen baftisma. Jean Calvin a Janeba ya nace uban yaro ya zo da kansa ya ɗauki alkawari. Wasu kuma, tun daga 1525 a Zurich, suka daina yi wa jarirai baftisma gaba ɗaya, sai mutum ya girma ya amsa da bakinsa. Cocin Ingila ta tsaya kan mutum uku a littafin addu'arta na 1662: namiji ya samu maza biyu da mace ɗaya, mace ta samu mata biyu da namiji ɗaya.

Ikilisiyar Katolika ta yi nata gyaran a babban taron Trente, a arewacin Italiya. A watan Nuwamba 1563 aka yanke cewa mutum ɗaya ya isa, in an yi yawa biyu, namiji da mace, kuma limami ya rubuta sunayensu a littafi. Manufar ita ce a rage haramcin aure, a kuma mayar da hankali kan tarbiyyar yaro. Masanin tarihi Guido Alfani, wanda ya bi littattafan baftisma na garuruwan arewacin Italiya kafin dokar da bayanta, ya gano abin da ya biyo baya. Lokacin da ake zaɓen mutane da yawa, iyaye suna haɗa manya da tsararrakinsu, har da waɗanda ba su kai su ba. Da aka ce ɗaya kaɗai, sai kowa ya ajiye kujerar ga wanda ya fi shi arziki da muƙami. An so a kori neman ubangida daga cikin al'adar, sai ga shi an ƙara masa ƙarfi.

Waɗannan littattafai suna da wata alaƙa da mu. A Faransa dokar 1539 ta wajabta wa limaman coci rubuta baftisma, a 1792 kuma gwamnatin juyin juya hali ta karɓe aikin ta ba ofisoshin magajin gari. Tsarin rajistar haihuwa da mulkin mallaka ya bar mana daga can ya samo asali. Takardar haihuwar da mushe ke nema kafin ya rubuta yaro a jarrabawa jikanyar littafin baftisma ce.

Bayi, sojoji da marayu

A ƙasashen Amurka da Spaniya da Fotugal suka mallaka, al'adar ta yi saiwa fiye da ko'ina. Masana biyu, Sidney Mintz da Eric Wolf, sun nuna a 1950 cewa a can zumuncin manya biyu, wanda ake kira compadrazgo, ya fi dangantakar uban baftisma da yaron muhimmanci. Talaka yana zaɓen mai gona don ya samu inuwa, mai gona yana amsawa don ya samu ma'aikaci mai kunyarsa.

Wani bincike da Stephen Gudeman da Stuart Schwartz suka buga a 1984 kan baftismar bayi a Bahia ta Birazil a ƙarni na 18 ya tona wani abu mai ban tunani. Kusan ba a samun ubangiji ya tsaya wa bawansa. Wani ɗa daban, ko wani bawa, shi ke tsayawa. Masu bayin sun san ba a haɗa biyun: wanda ka kira ɗanka a gaban Allah ba ka yi masa bulala ka kai shi kasuwa. Ƙin da suka yi shaida ce cewa sun san nauyin alkawarin.

A zamanin baya-bayan nan kalmar ta fita daga coci. A Faransa akwai baftismar magajin gari, wadda ake yi ba limami, kuma doka ba ta ɗora wa masu tsayawar komai. A 1915, lokacin yaƙin duniya na farko, aka fara tsarin marraine ta yaƙi, matan da ke rubuta wa sojojin da ba su da kowa wasiƙa, suna aika musu da ƙunshi. A 1937, lokacin yaƙin basasar Spaniya, aka kafa ƙungiyar da ta zama Plan International, inda mutum daga nesa ke ɗaukar nauyin yaro. Wannan shi ne parrainage da ƙauyukanmu suka sani a hannun ƙungiyoyin agaji. Sannan fim ɗin Le Parrain na 1972 ya manna wa kalmar sunan shugaban ƴan ta'adda, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suna kiran mai ɗaure wa ɗan takara gindi da ita, wanda Hausa ke cewa ubangida.

Abin da dokar coci ke nema yau

Kundin dokokin Katolika na 1983 ya soke haramcin auren, ya bar aikin. Mai tsayawa ya kai shekara 16, ya zama cikakken ɗan ikilisiya da ke rayuwa daidai da abin da zai koyar, kada kuma ya zama uba ko uwar yaron. Aikinsa ya gabatar da yaron tare da iyaye, ya taimake shi ya rayu bisa alkawarin da aka ɗauka da sunansa. Babu maganar kuɗi ko kyauta a ciki. Kuma saɓanin abin da mutane da yawa ke zato, a dokar ƙasa irin ta Faransa ko Ingila, uban baftisma ba ya zama mai riƙon yaro kai tsaye in iyaye sun mutu. Sai in an rubuta shi a wasiyya, ko kotu da dangi sun naɗa shi.

Tsohuwar cutar ba ta warke ba. A 2017 babban bishop na Monreale a tsibirin Sisili ya hana ƴan mafiya tsaya wa yara. A 2021 ikilisiyar Catania ta dakatar da muƙamin gaba ɗaya na shekara uku, domin ya koma hanyar ƙulla hulɗa da masu ƙarfi, yaro kuma an manta da shi. Kukan da Césaire ya yi a ƙarni na 6 shi ake maimaitawa.

A Nijar, inda Kiristoci ƴan kaɗan ne, al'adar ta fi ƙarfi wajen Katolika, a Yamai da yankin bishop na Maraɗi da aka kafa a 2001. Majami'un da suka fito daga mishan ɗin SIM, wanda ya sauka Damagaram a 1924 ya kuma buɗe asibitin Galmi a 1950, manya suke yi wa baftisma, don haka muƙamin bai da gurbi sosai a wurinsu.

Namu masu tsayawar

Bahaushe bai da uban baftisma, amma bai taɓa barin yaro a hannun mutum biyu kaɗai ba. Ɗa na kowa ne, in ji magabata. Kunyar ɗan fari takan sa kaka ko gwaggo ta ɗauki yaro tun daga yaye. Wanda aka yi wa takwara ranar suna ana sa ran ya riƙa leƙo mai sunansa, ya yi masa ɗinkin salla. Yarinya tana da uwar ɗaki da take kai wa kukan da ba za ta iya kai wa mahaifiya ba. Ranar aure baffa ne waliyyi, uwar wanka ce ke tsaye kan amarya. Uba in ya kai ɗansa makarantar allo yakan ce wa malam ga amana. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta haihu ba, amma ta riƙe ƴaƴan dangi har ta aurar. Guy Nicolas kuma ya yi nazari mai zurfi a Maraɗi kan yadda biki da ramuwar kyauta ke ɗaure gidaje da juna.

Shari'ar Musulunci ta shata wa riƙo iyaka. Ɗan riƙo yana nan da sunan ubansa, kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta umurta, ba ya cin gadon mai riƙonsa, amma ana iya yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiya ba. Uba kuma yana iya naɗa wasiyyi da zai kula da ƴaƴansa da dukiyarsu bayan ransa.

Abin da ya samu muƙamin uban baftisma a Turai yana samun waɗannan al'adu namu. Ana sa wa jariri sunan alhaji ko ɗan majalisa da bai san ƙofar gidan ba, don ragon suna. Ana kai yarinya birni da sunan riƙo, a ce za a sa ta lakwal, ta ƙare a wanke-wanke da talla. Ɗalibai suna zaɓen parrain da ba zai gane ko ɗaya daga cikinsu ba in sun haɗu a hanya bayan wata guda. A duk waɗannan, manya sun ƙulla abin da suke so, yaron da aka yi taron dominsa shi aka bari a baya.

Tarihin nan ya bar wa iyaye ma'auni mai sauƙi. Na farko shi ne na mutanen Rum: wanda za ka ba ɗanka, ko ka sa masa sunansa, ya san gidanka, kai ma ka san halinsa? Na biyu na Charlemagne ne: yana da abin da zai koya wa yaron? Na uku na Tertullien: zai iya ɗaukar kayan har ƙarshe, ko ɗoki ne na rana ɗaya? Kafinta mai gaskiya da ke bayan gida, wanda zai ga yaro yana yawo lokacin karatu ya kamo hannunsa, ya fi babban mutumin da sai an cika takarda kafin a gan shi. Zumunta a ƙafa take. In kuwa ana so mutum ya riƙe yara bayan mutuwa, a faɗa masa tun da rai, a rubuta, a sa shaidu, kada a bar marayu da zato.

Wanda aka roƙa ya tsaya shi ma yana da haƙƙin ya ce ba zai iya ba, kuma hakan ya fi amsawar kunya. In ya amsa, ya san ajin da yaron yake, ya san malaminsa, ya zo ranar da aka kore shi kamar yadda ya zo ranar walima.

Malaman makaranta kuma suna iya gyara al'adar parrain ba tare da kashe ta ba. In aji zai zaɓi wanda zai ɗauki sunansa, a gindaya masa sharaɗi tun farko: ya zo ajin sau da yawa a shekara, ya san ɗaliban da sunayensu, ya bi sawun waɗanda suka faɗi jarrabawa. A littafin rajista kuma, ban da sunan uba da uwa, a tambayi kowane yaro wane babba ne za a kira in iyayensa ba su nan. Yaron da ya rasa sunan da zai faɗa, shi ne ya fi kowa buƙatar a nema masa mai tsaya masa.

Alkawari kaya ne. Allah ya ba mu ikon sauke wanda muka ɗauka, ya raya mana zuri'a.